Sai na haddace fasalolin nan 23 kafin kod ɗina ya zama na kirki?

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Tawa ya aiko mini da tambaya. Ya rubuta wa wata makarantar kuɗi ta unguwarsu manhaja da harshen kod na PHP da ɗan JavaScript: tana rajistar ɗalibai, tana lissafin kuɗin makaranta, tana fitar da rasit. Wata bakwai ke nan ana aiki da ita. Sai wani abokinsa da ya je hutu daga Yamai ya buɗe kod ɗin, ya ce masa babu tsari a ciki, bai bi PSR ba, bai san MVC ba, kuma duk wanda bai san fasalolin tsara manhaja 23 ba, bai ma fara ba tukuna. Ga abin da ya tambaya: "Yaya, in zauna in haddace su ne? Ko in zubar da wanda na yi in sake da Laravel?" Laravel ɗin shiryayyen ƙwarangwal ne da ake gina manhajar PHP a kansa.

Ƙanena, kada ka haddace, kuma kada ka zubar. Manhajar da ta yi wata bakwai tana riƙe da lissafin kuɗin mutane ba a yi rigima ba, ba abin zubarwa ba ce. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Abokinka ya ga wani abu, amma ya zuba maka abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya. Na farko ladubban rubuta kod ne: yadda ake raɗa suna, yadda ake barin tazara, abin da aka yarda a yi da wanda aka hana. Na biyu shi ne fasali, wato hanyar da masu sana'a suka saba bi wajen warware matsalar da ke yawan dawowa a ginin manhaja. Ladubban nan wajibi ne a kanka tun yau. Fasali kuwa matsala ce ke kiransa, in ba ta zo ba, ba ka da abin yi da shi.

Bari in gaya maka abin da ya sa nake ɗaukar ladubban da zafi haka.

Shekarun baya wani mai sarin magunguna a nan Yamai ya kira ni da sassafe, hankalinsa a tashe. Manhajar da yake lissafin kaya da bashi da ita ta mutu a dare ɗaya, duk shafin da aka buɗe sai fari fat. Yaron da ya rubuta masa ita ya yi tafiya, lambarsa ba ta shiga. Gano ciwon bai ɗauke ni minti goma ba: masu saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, sun ɗaga PHP zuwa na 7, shi kuma kod ɗin duk da mysql_query aka rubuta shi, wanda aka yi gargaɗin a daina tun PHP 5.5 a 2013, aka kuma cire shi gaba ɗaya a ƙarshen 2015. Magani a fili yake. Amma sai da na yi mako uku a kai, domin manhajar kusan duka tana cikin fayil guda mai layi sama da dubu huɗu, HTML na tsara shafi da SQL na tambayar rumbun bayanai da lissafi a cakuɗe kamar fate. Mazuban da ya zuba bayanai a ciki sunayensu $m, $m2, $mm da $tmp.

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne $m. A saman fayil ɗin $m farashi ne da dala, yadda yaran shago ke faɗa da baki, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya dala 200. Can ƙasa, bayan layi ɗari uku, an ninka shi biyar, ya koma sefa, amma sunansa yana nan $m. A shafin bashi kuma ba a ninka ba, sai wajen bugawa. Yaron nan lissafinsa daidai yake, domin shi ya san inda dala take da inda sefa take, duk a kansa. Ni da na gaje shi, na gyara wuri ɗaya, bashin wani kwastoma na jaka arba'in ya koma jaka ɗari biyu. Allah ya sa mai shagon ya san mutumin, ya ga abin kafin a aika masa. Da yaron ya rubuta $farashiDala da $farashiSefa, da haruffa ƙalilan sun raba mu da wannan duka. Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa kod ɗin da yake rubutawa wani ne zai karanta, wataƙila ranar da ba ya nan. Kai ma wata rana za ka gama karatu ka bar Tawa, makarantar kuma tana nan tana karɓar ɗalibai.

PSR da abokinka ya ambata ba wani abin tsoro ba ne. A 2009 masu riƙe da manyan ayyukan PHP suka kafa ƙungiyar da ake kira PHP-FIG, don su daidaita yadda suke rubutu, kod ɗin wannan ya iya zama da na wancan. Takardun da suke fitarwa su ne PSR. Waɗanda suka shafe ka uku ne. PSR-1 ta ce fayil ya kasance UTF-8, sunan kilas, wato ƙunshin kod mai haɗa bayanai da ayyukansu, ya fara da babban harafi kamar RajistarDalibai, sunan aikin da ke cikin kilas ya bi salon tozon raƙumi kamar lissafaRagowa, abin da ba ya sauyawa kuma a rubuta shi duka da manyan haruffa kamar KUDIN_RAJISTA. PSR-12, wadda ta maye gurbin PSR-2 a 2019, ta ce a shiga ciki da tazara huɗu, ba da maɓallin Tab ba, bakan buɗe kilas ko aikinsa ya sauka sabon layi, na if da for ya tsaya a layinsu, kuma fayil ɗin da PHP ne zalla kada a rufe shi da ?> a ƙarshe. Wannan na ƙarshen yana da dalili: tazara ɗaya da ta ɓuya bayan alamar rufewa kan fita zuwa burauza, ta hana header() aiki, ka kwana kana neman abin da ido ba ya gani. PSR-4 kuma ita ce ta daidaita sunan kilas da wurin da fayil ɗinsa yake, yadda Composer, mai harhaɗa kayan PHP, zai ɗauko shi da kansa, ka huta da jerin require a saman kowane shafi.

Kada ka ɗauka wahayi ne. WordPress, da shi ma PHP ne, Tab yake so, sunayensa kuma da layin ƙasa ake haɗa su, kamar get_the_title. Python tana da PEP 8 tun 2001, tazara huɗu da layin ƙasa. JavaScript ba ta da doka ɗaya daga sama, amma Prettier da mutane da yawa ke amfani da shi tazara biyu yake sawa in ba ka ce masa komai ba. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura: aikin da ka tarar, bi salonsa, wanda ka fara da kanka kuma ka zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kai. Kuma kada ka ɓata dare kana ƙirga tazara da hannu. PHP-CS-Fixer zai daidaita maka fayilolin PHP duka cikin daƙiƙoƙi, Prettier ya yi na JavaScript, ESLint ya nuna maka mazubin da ka buɗe ba ka yi amfani da shi ba. Na ga matasa a fada sun raba dare suna gardamar Tab da tazara har shayi na uku ya huce, abin da na'ura ke yankewa kafin ka ajiye kofi.

Abin da na'ura ba za ta yi maka ba shi ne raɗa suna. A nan muna da matsalar da ta zama tamu: a makaranta da Faransanci aka koya mana, kalmomin harshen kod ɗin na Ingilishi ne, tunani kuma da Hausa ko Zabarmanci muke yi. Sai ka buɗe fayil ɗaya ka ga getEleve, ajouterStudent da sunan_uba a jere. Zaɓi harshe ɗaya don sunaye, kuma ka zaɓe shi da tunanin wanda zai gaje ka. In ƴan ajinku ne za su riƙe aikin, Faransanci ya wadatar. In kana fatan wata rana ka nuna shi ga masu ɗaukar aiki a waje, yi da Ingilishi. Ko da Hausa ka yi ban hana ba, ni ma a misalan nan da ita nake yi. Abu ɗaya dai: kada ka sa harafi mai ƙugiya ko mai wasali na Faransanci cikin suna. PHP da JavaScript za su karɓa, amma allon rubutun wanda zai zo bayanka ba lallai yana da ƙ ba. Bayanin da kake rubutawa a gefen kod kuwa, ka yi shi da harshen da ka fi iya faɗin gaskiya da shi, kuma ya faɗi dalili. Bayani irin "a ƙara ɗaya a kan i" ba ya amfanar kowa. Wanda ya ce "ƴaƴan malamai rabin kuɗi suke biya, darakta ya yanke haka" shi ne zai ceci wani.

Yanzu ga ladubban da ba na ado ba, waɗanda barinsu kan jawo asarar kuɗi ko ta mutunci. A nan nake so ka fi tsayawa.

Ka ce ka haɗa tambayoyin rumbun bayananka da hannu, kana liƙa abin da aka rubuta a fom cikin SQL kai tsaye. To je ka yi rajistar yarinya mai suna Asma'u, ko yaron da aka haifa a garin da takardu ke rubutawa Birni N'Konni. Alamar nan da ke tsakiyar sunan ita ce SQL ke ɗauka a matsayin rufe zance, tambayar ta karye a nan. In ba ta taɓa faruwa gare ka ba, to sakataren makarantar ne ya gano da kansa yana rubuta Asmau don a zauna lafiya. Kuma ƙofar da sunan Asma'u ya karya, ta nan ɓarawo ke shiga ya karanta ko ya goge rumbun duka. Maganin ya daɗe, PDO yana cikin PHP tun 2005:

$st = $pdo->prepare('SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?');
$st->execute([$suna]);

Ka miƙa tambaya daban, suna daban, PDO ne zai kula kada ɗaya ya ɓata ɗaya. Ka mai da wannan doka marar togiya, ko da kai kaɗai ke amfani da shafin. Haka nan duk abin da ya fito daga hannun mutum za ka nuna a shafi, ya bi ta htmlspecialchars. Kalmar sirri kuma password_hash, ba md5 ba, kome yawan tsofaffin darussan da ka gani a intanet suna yin haka.

Sai haruffanmu. Wannan yana ci mini rai, domin kusan duk manhajar da aka kawo mini gyara a ƙasar nan tana da shi. Tsohon tsarin haruffa na latin1 yana ɗauke da é da è da ç, saboda haka wanda ya gwada aikinsa da Faransanci zai ga komai lafiya lau. Amma babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ a cikinsa. Ranar da aka rubuta Ɗanladi, sai rasit ya fito da alamar tambaya a madadin harafin farko na sunan mahaifin yaro. Dole rumbun ya zama utf8mb4, igiyar da ke haɗa PHP da shi ita ma ka rubuta mata charset=utf8mb4, shafin HTML ya faɗi cewa UTF-8 ne. Ko bayan haka akwai saura. A UTF-8 harafin ƙ gurbi biyu yake ci, don haka strlen('ƙasa') zai ba ka 5, mb_strlen ne zai ba ka 4. In ka yanke dogon suna da substr don ya shiga layin rasit, kana iya raba ƙ gida biyu, shara ta fito. strtoupper ba zai mai da ƙ ta zama Ƙ ba, sai mb_strtoupper. In kuma da FPDF kake buga rasit kana bi ta utf8_decode kamar yadda da yawa suka koya, to nan ma haruffan za su mutu, domin latin1 yake mayarwa, kuma an yi gargaɗin barinsa tun PHP 8.2. Koma mPDF ko TCPDF da rubutun DejaVu, yana da haruffanmu duka. Dokata a duk aikin da na riƙe: rubutun mutane ba a taɓa shi sai da ayyukan da suka fara da mb_.

Kwatantawa kuma da alama uku ake yi, ===, a PHP da JavaScript duka. Da alama biyu, PHP na ɗaukar '0123' da '123' abu ɗaya ne, domin yana mai da su lamba kafin ya gwada. In lambobin rajistar ɗalibai biyu ke nan, ka ga inda kuɗin wani zai faɗa. A JavaScript duk abin da ka ɗauko daga fom rubutu ne ko da lamba aka buga, saboda haka '5000' + 1000 ba 6000 zai ba ka ba, '50001000' zai ba ka. Mai da shi lamba da Number() tun a bakin ƙofa. Kuɗi ka riƙe shi cikakkiyar lamba, mun ma yi sa'a sefa ba ta da gutsure a lissafin yau da kullum. Masu lamba mai ɗigo su ne ke fama da 0.1 + 0.2 da ke ba da 0.30000000000000004. Lambar waya kuwa rubutu ce, ba a tara ta ba a ɗebe ta, ka ajiye ta siffa ɗaya, +227 da lambobi takwas. Ka sa declare(strict_types=1) a saman fayilolin PHP, a JavaScript ka bar var ka kama const da let da suka zo a 2015.

To, mu zo ga fasali.

Asalin maganar daga magina ta fito. Christopher Alexander, masanin zanen gine-gine da ya koyar a Amurka, shi da abokan aikinsa suka fitar da littafi a 1977 mai fasali 253 na gina gida da unguwa da gari, kowanne da matsalar da yake warwarewa. Kai ɗan jihar Tawa ba sai an kai ka nesa ba. Masallacin Yaama da Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, yana nan kusa da ku. In ka samu dama ka je ka ɗaga kai ka dubi rufin. Maginin ƙasar Hausa ya san azara tana da iyakar faɗin da za ta iya ɗauka. In ɗaki ya wuce haka, sai a ɗaura baka ta ɗauki nauyin. Baka fasali ce: ga matsala, ga amsar da aka gwada aka ga tana tsayawa, ga sunan da in magini ya faɗa ɗan'uwansa ya gane. Amma ba ka taɓa ganin an ɗaura baka a akurkin kaji ba.

A 1994 mutum huɗu, Erich Gamma, Richard Helm, Ralph Johnson da John Vlissides, suka tattara fasali 23 na manhaja a littafi ɗaya. Su ne 23 ɗin da abokinka ke nufi. Abin da bai gaya maka ba, misalansu da C++ da Smalltalk aka yi su, kuma da yawansu dabaru ne na kauce wa taurin harshe irin C++ na wancan zamani. A 1996 Peter Norvig ya nuna cewa 16 daga cikin 23 ɗin suna sauƙaƙa ko su ɓace gaba ɗaya a harsuna masu sassauci irin Lisp. JavaScript da PHP na yau sun fi kusa da wannan ɓangaren, domin a cikinsu kana iya ɗaukar guntun aiki ka miƙa shi hannu da hannu kamar yadda kake miƙa lamba. Abin da a C++ sai an gina kilas uku, a JavaScript layi ɗaya ne.

Kai ma kana amfani da wasu ba ka sani ba. Duk sanda ka rubuta addEventListener('click', ...) a kan maɓalli, fasalin mai shela da masu sauraro ke nan, wanda littafin ya kira Observer: maɓallin bai san su wa ke jiransa ba, shi dai in an taɓa shi ya yi shela. add_action na WordPress shi ne dai. Ba ka haddace ba, buƙata ta kai ka.

A manhajarka guda huɗu nake ganin sun shafe ka, uku za su yi maka amfani, ɗaya gargaɗi ne, kuma ba rana ɗaya ba.

Na farko zaure. Yanzu na tabbata kowane shafinka, ajouter.php, payer.php, recu.php, yana da ƙofarsa ta waje, kuma a saman kowanne ka kwafa layukan da ke duba ko mutum ya shiga da kalmar sirri. Ranar da ka manta a shafi ɗaya, gidan ya zama kango. Gidan Bahaushe ƙofa ɗaya gare shi, kowa ta zaure yake bi, a nan ake sallama, a nan ake sanin wa zai wuce ciki. Ka sa duk buƙata ta bi ta index.php guda, shi ya duba mai shigowa, sannan ya tura shi inda ya dace. Laravel da Symfony duka haka suke, index.php ɗaya a cikin jakar public.

Na biyu MVC, wanda Trygve Reenskaug ɗan Norwe ya tsara a 1979 a cibiyar binciken Xerox, tun babu shafukan intanet. Kada sunan ya ruɗe ka. Ma'anarsa a wurinka ita ce mai lissafi daban, mai nunawa daban, mai karɓar baƙo ya haɗa su daban. Fayil ɗin da ke da SELECT kada a ga <table> a cikinsa, wanda ke da <table> kada a ga SELECT. Fara da lissafin ragowar kuɗi, ka ciro shi daga tsakiyar HTML ka ba shi suna:

function ragowarKudi(int $jimlaSefa, array $biyanSefa): int
{
    return $jimlaSefa - array_sum($biyanSefa);
}

Yanzu shafin biya da rasit da rahoton darakta duk wuri ɗaya za su tambaya. Ranar da aka ce an kawo rangwame ga mai ƴaƴa uku, wuri ɗaya za ka gyara, kuma kana iya gwada shi ba ka buɗe burauza ba.

Na uku adafta, kuma kada ka gina shi sai ranar da darakta ya ce iyaye na son biya ta waya. Ranar za ta zo. Wani zai ce Airtel Money, wani Moov Money, mahaifin da ke ci-rani a Abijan zai aiko ta Nita ko Amana, wasu kuma hannu da hannu har gobe. In ka bi son rai, sai if da elseif su bazu a shafi goma. Ka tuna Orange da ta koma Zamani. Duk wanda ya watsa sunan kamfani a ko'ina cikin kod ɗinsa sai da ya bi layi-layi yana nema. Abin yi shi ne yarjejeniya ɗaya, wadda PHP ke rubutawa da kalmar interface, ka kira ta HanyarBiya, ta ce duk hanyar biya dole ta iya karɓar kuɗi da lamba ta dawo da shaidar biya. Kowane kamfani ka yi masa ƙaramin kilas da ke cika wannan alkawari da yarensa. Sauran manhajar ba ruwanta da wane ne. Kamar adaftan da kake sawa ne in bakin caja bai dace da soket ba, ba ka fasa bango.

Na huɗu gargaɗi ne. Fasalin da matasa suka fi so shi ne ɗan tilo, Singleton, musamman don igiyar rumbun bayanai, Database::getInstance() a ko'ina. Yana da daɗin rubutu, amma mazubin kowa-da-kowa ne ya sa babbar riga. Kilas ɗin da ke miƙa hannu ya ɗauko rumbu da kansa, ba za ka iya gwada shi ba sai da rumbun gaske, wato da kuɗin ɗalibai na gaske. Gara ka miƙa masa kayan aikinsa daga waje lokacin da kake ƙirƙirarsa:

public function __construct(private PDO $pdo) {}

Wannan gajeren salo PHP 8 ne ya kawo shi a 2020. Ranar aiki ka miƙa masa MySQL, ranar gwaji ka miƙa masa SQLite na wucin gadi, shi bai san bambanci ba. Ka kuma san cewa a PHP yadda aka saba girka shi, kowace buƙata daga fari take farawa, ta gama a share komai, don haka ɗan tilon naka rayuwarsa ba ta wuce buɗe shafi ɗaya. A Node.js, wato JavaScript mai aiki a saba, akasin haka ne: abin da fayil ya fitar yana nan raye muddin saba na kunne, kuma duk masu shigowa shi suke rabawa. Na taɓa ganin wanda ya ajiye sunan mai shiga a irin wannan wuri, mutum biyu suka shiga lokaci ɗaya, ɗaya ya ga takardun ɗaya. Fasali ɗaya ne, amma halinsa ya bi harshen da aka sa shi.

Su 23 ɗin nan ka karanta su sau ɗaya, a natse, don in wani ya ambata ka gane, in matsalarsu ta zo ka tuna an taɓa ganinta. Ni ƙa'idar da nake bi, in na rubuta abu sau ɗaya na bar shi, sau biyu na sa masa ido, sai a na uku nake neman fasalin da zai haɗa su. Wanda ya fara da fasali kafin matsala, shi ne ke kawo mini fayil goma sha biyar don fom mai gurbi huɗu, kuma gyaransa bai fi na mai fayil guda sauƙi ba.

Batun Laravel kuma. Ƙwarangwal ne mai kyau, Taylor Otwell ya fitar da shi a 2011, kuma zauren da MVC da miƙa kayan aiki daga waje duk za ka tarar an riga an gina su a ciki. Symfony da Fabien Potencier ya fara a Faransa a 2005 shi ma haka. Aikinka na gaba ka yi shi da ɗayansu, za ka ma fi gane dalilin kowane abu tunda ka ɗanɗani rashinsa. Amma wannan da ke aiki, a cikinsa akwai abubuwa da yawa da makarantar ta koya maka a wata bakwai, wanda ya biya rabi, wanda aka yafe wa, wanda ya sauya aji a tsakiyar shekara, kuma in ka sake daga fari rabinsu za ka manta sai sun sake cizon ka. Gyara shi a tsaye. Kafin komai ka sa shi cikin Git, mai ajiye tarihin kowane gyara da ka yi wa kod, ka kwafi rumbun ka ajiye a wani wuri da ba wannan kwamfutar ba. Sannan tambayoyin SQL, domin su ne ƙofar ɓarawo. Sannan haruffa. Sannan ka saki PHP-CS-Fixer a kansa, a rana daban, kada gyaran tazara ya cakuɗe da gyaran lissafi ka kasa gane wanne ya ɓata wanne. Zaure da raba lissafi da nuni ka bar su sai babban hutu. Kada ka kuskura ka taɓa manyan abubuwa a watan Oktoba iyaye na layi a bakin ofis da kuɗi a hannu, ba a fafe gora ranar tafiya. In Ingilishi na ba ka wuya, littafin jagorar PHP da shafukan MDN na JavaScript duk akwai su da Faransanci.

Gobe da safe, a kan kwafin rumbun ba na gaske ba, ka yi rajistar ɗalibar gwaji: sunanta Asma'u, mahaifinta Ɗanladi, an haife ta a Birni N'Konni, lambar rajista 0123. Ka yi wani ɗalibin mai lamba 123. Ka biya mata sefa 5000, ka ƙara 1000, ka buga rasit. Ka ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp tare da fayil ɗin da ke lissafin ragowa, in na taso daga aiki bayan sallar isha'i sai mu bi shi layi-layi. Ka gaida su Inna.